Jinin Mma Asana

Ranar da na sauka a Salaga, mutumin da ya ɗauke ni aiki bai ko bari na sha ruwa ba. Dokta Razak ake ce masa, ko da yake har na bar Gana ban ga ya duba marar lafiya ba. Ta waya muka san juna, lokacin ina Funtuwa da takardar aikin gwajin jini a ƙasan akwati, ina zaman kashe wando, ko in ce kashe zani. Ya yi mini alkawarin ɗaki da mota da aiki mai daraja. Abin da na tarar a tasha shi ne wata shuɗiyar kula mai murfi, ya dangwara mini ita a gabana.

"Sista Balaraba, ka riƙe wannan kamar ɗanka," in ji shi. A can kowa "ka" ne, mace da namiji, har na gaji da juyawa in ga da wa ake.

Ya buɗe kular ya nuna mini kayan gwajin. Wani ɗan faranti ne mai ƙananan ramuka a jere, bai fi tafin hannu ba, da 'yan kwalabe na ruwan magani. Idan jijiyoyin ƙwaƙwalwar mutum suka fara lalacewa, akwai wani furotin da ke yoyowa daga cikinsu ya shiga jini. Sai a tace jinin, a ɗiga ruwansa a ramukan, a bi shi da magungunan nan ɗaya bayan ɗaya. In furotin ɗin ya yi yawa, ramin sai ya rine ya yi ruwan ɗorawa. Na'urar da ke auna rinin kuwa tana Bawku, a ɗakin gwajin wani abokinsa. Sharaɗin kayan guda ne: su zauna cikin sanyi, amma kada su daskare. Aikina in bi gidaje in ɗebi jinin tsofaffin da mantuwa ta kama. Ya faɗi haka, ya hau motarsa, ya ce mu haɗu a Yendi. Ɗakin da ya yi alkawari kuwa, har yau ana gini.

Wani mai babur mai ƙafa uku, Fuseini, shi ya gan ni tsaye da kula kamar mai tallan zoɓo, ya ce in zo gidansu a zango, unguwar Hausawa, akwai ɗakin ƙanwarsa da ta yi aure. A nan na haɗu da mahaifiyarsa, Mma Asana. Tsohuwa ce doguwa, siririya, wadda ta raini 'ya'yanta da sayar da shinkafa da wake a bakin kasuwa. Hausarta irin ta mutanen da ce, tsaf, ba ta haɗa mace da namiji. Ta kama hannuna ta ce, "Baƙuwa, kin ci abinci?" Na ce a'a. Ta zuba mini. Ina wanke hannu ta dawo ta ce, "Baƙuwa, kin ci abinci?" Na ce na ci, Mma. Ta ce ƙarya nake, ga yunwa nan a idona, ta sake zubowa. Wallahi a makon farko na yi ƙibar da ban yi ba a gidan ubana.

Ni kuwa kewar gida ta sa ni gaba. Tuwonsu ba irin namu ba ne, miyarsu ba daddawar da na sani, kuma in na kira Innata a waya sai in ce mata komai lafiya lau, in kashe in shiga banɗaki in yi kukana. Mma Asana ce kaɗai ta gane. Ba ta riƙe sunana ba ko sau ɗaya, amma da ta ga idona ya yi ja sai ta jawo kaina kan cinyarta ta hau tsefe mini kitso, tana ba ni labarin kakanta da ya zo daga Katsina da jakuna neman goro, ya ga ruwan Salaga ya ƙi komawa. Wani lokaci a tsakiyar labarin sai ta kira ni Lariba, sunan yayarta da ta daɗe a ƙasa. Ni dai in amsa.

Abin da ban sani ba, gidan a kan wuta yake. Kafin zuwana, wata rana da tsakar rana Mma Asana ta ɓace hanya, ta shiga gidan ƙanen marigayi mijinta, Alhaji Seidu, ta zauna a kan gadon surukarsa mai ciki, tana kiran matattu da sunayensu tana tambayar me ya sa ba su zo cin abinci ba. Ba a jima ba cikin ya zube. Shi ke nan, magana ta fita cewa mayya ce. Masu sayen shinkafarta na shekara da shekaru suka koma tsallake titi in sun hango ta. Akwai wani ƙauye a wajen Yendi inda ake kai tsofaffin matan da aka yi wa irin wannan ƙazafi, su zauna can har mutuwa, kuma can dangi suka yanke za a kai ta.

Fuseini ya faɗa mini wannan yana goge babur ɗinsa, bai ɗago kai ba. "Sista, wannan abin naka na cikin kula, zai iya nuna ciwo ne?"

Gaskiya ita ce gwajin ba ya yanke hukunci shi kaɗai, sai likita ya haɗa da wasu abubuwa. Na faɗa masa haka. Amma da aka tara dangi a zauren Alhaji Seidu na ji yadda ake maganarta kamar ana maganar akuyar da ta ci dusar maƙwabta, raina ya ɓaci, na miƙe ba a ba ni izini ba.

"Alhaji, ku ji tsoron Allah. Matar nan ciwo ne da ita a ƙwaƙwalwa. Na ga irinta a asibiti ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Yarinya, a garinku haka ake yi wa manya magana?"

"A garinmu ba a kai uwa daji, Alhaji."

Ya ja carbinsa, ya ce to, shi ba azzalumi ba ne. In na'urar Turawa ta nuna ciwo ne, Asana ta zauna a ɗakinta, shi da kansa zai hau mumbari ya wanke ta. In ba ta nuna ba, da sabon wata ya tsaya za a kai ta. Na ce na yarda. Abin da baki ya ɗaura, hannu ba ya kwance shi.

Washegari na ɗebi jininta. Ta nannaɗe hannun rigarta da kanta, ta miƙo mini, ta ce, "Ɗebi da yawa, 'yata, ba rowa a gidan nan." Na tace shi a wani ƙaramin asibiti, na samu ruwan jini ɗan kaɗan a 'yar kwalba, na ajiye shi daban da na sauran tsofaffin.

Hanyar Salaga zuwa Yendi ta Bimbila, Allah ya isa tsakanina da ita. Motar cike take da doya da mutane, ni a tsakiya da kula a cinya, kowane rami sai murfin ya daki haɓata. Yaron mota ya dage sai an ɗaura ta a sama cikin rana, na ce sai dai a ɗaura ni tare da ita. A wani shinge masu kaki suka ji Hausata suka ce in sauko, 'yar Najeriya ce. Suka sa na buɗe kular a tsakiyar rana, ɗaya yana ɗaga kwalaben jini yana tambaya ko na tsafi ne. Ina kallon ƙanƙarata tana zama ruwa, ina roƙonsu kamar na yi sata. Wata mata mai sayar da ruwan leda a gefen shingen ce ta zo ta juye mini duk daskararrun da ke ƙasan bokitinta, na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna. Ko yarenta ban ji ba. Har yau ina sa ta a addu'a.

A Yendi na samu Dokta Razak a wani masauki mai sanyi, yana cin gasasshiyar zabuwa. Ya sa na buɗe kayan gwajin na riƙe farantin, ya ɗauke ni hoto ta nan, ya ɗauka ta can, ya ce in yi murmushi. Sannan ya kwashe kwalaben jinin tsofaffin nan duka ya zuba a tasa kular.

Na ce, "Dokta, yaushe za mu Bawku? Mutane na jiran sakamako."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Wane sakamako? Wannan jini Ankara, babban birninmu, zai tafi, daga can ya hau jirgi. Lamba ce a jikin kwalba, ba suna ba. Mu tarawa muke, Sista, ba magani muke bayarwa ba."

"To kayan gwajin nan fa da na yi ta goyo?"

"Na hoto ne. Masu ba da tallafi suna son su ga ana aiki. Kwanansa ma ya kusa ƙarewa, ka riƙe in kana so."

Na tuna tsofaffin da na durƙusa a gabansu na ce musu za a duba lafiyarsu, wani har kaza ya ba ni. Abin da na faɗa wa mutumin nan a ranar ba zai rubutu ba, Allah ya yafe mini, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Ya miƙo hannu zai ɗauki kwalbar Mma Asana, na ce in ya taɓa ta sai an tara mana jama'a. Ya ce aikin ya ƙare, in nemi hanyar garinmu. Kafin la'asar wayarsa ta daina shiga.

Na zauna a tashar Yendi da kula a gabana, ga motar da za ta fitar da ni hanyar gida, ga ta Bawku. A nan na ga wasu tsofaffin mata sun shigo kasuwa da itace a ka, ƙafa ba takalmi, ba mai yi musu sannu. Mai shayin da ke kusa da ni ya nuna su da baki ya ce 'yan ƙauyen nan ne da ake kai waɗanda aka ce mayu ne. Ɗaya daga cikinsu tsayinta ɗaya da Mma Asana. Na tashi na shiga motar Bawku.

Wannan hanyar ta fi ta farko tsawo da wuya. Mun hau dutse motar tana nishi, mun sauka birki yana wari, duk garin da aka tsaya ni ce ta farkon dira ina cigiyar mai ƙanƙara. Fasinjoji suka sa mini suna Hajiya Kula. Na samo lambar mai ɗakin gwajin, wani Mista Awuni, na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Ya ce shi ma Razak ya taɓa yi masa irinta, in zo da safe zai kunna mini na'urar kyauta. Garin a lokacin ba a yawo bayan magariba saboda zaman ɗar-ɗar da ake yi, don haka Fuseini ya haɗa ni da wani aminin babansa, Alhaji Mumuni, dillalin shanu da albasa, in kwana a gidansa.

Mutanen kirki ne, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Gidan cike yake da mata ana soye-soye, washegari sunan jikarsa. A al'adar fatake ta can, baƙo ba ya kwana da kayansa. Da ka sauka, maigida zai karɓa ya adana, in wani abu ya same su shi ke da kunya, in ka hana shi kuma ka ce masa ɓarawo ke nan. Haka kakanninsu suka yi da masu goro da masu shanu, haka suke yi har yau. Ina shiga zaure Alhaji ya sa hannu a kan kular.

Na riƙe. "Baba, wannan magani ne, a wurina zai kwana."

Fuskarsa ta canza. "Shekarata nawa ina ajiye dukiyar mutane, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Ko an faɗa maka wani abu a kaina ne?"

Dattijo ne, a gidansa nake, ga mutane suna kallo. Kuma ƙanƙarata ta narke saura kaɗan, su kuwa suna da wuta. Na sake masa, na ce, "To Baba, a sa a firiji, wurin sanyi kaɗan. Kada a sa inda zai daskare." Na maimaita. Ya ce an gama. Ya miƙa wa wani, wani ya shiga da ita cikin gida wurin uwargida, ni kuma aka ja ni ɗakin baƙi aka ajiye mini tuwo da ruwan wanka. Na so in bi in gani da idona, matan suka ce haba, baƙuwa ba ta shiga madafa ranar da ta zo. Gajiyar hanya ta danne ni.

Da safe Hajiya uwargida ta zo da kanta, fuskarta cike da fara'a, ta kama hannuna zuwa wani ɗaki. Ta ce ƙaramin firijin yara sun cika buɗewa, ba ya riƙe sanyi, ita kuwa ba za ta sa maganin baƙuwa a nan ba. Sai ta kwashe naman suna daga babbar firiza, ta sa aka soye wanda za a iya, sauran ta bar shi a roba, ta sa kayana a can ƙasa inda ya fi ko'ina sanyi. "Wani naman ma ya ɗan canza," in ji ta, "amma ba komai, lafiyar mutum ta fi nama."

Na ɗaga murfin. Kwalaben sun zama dutse. Wadda ke fito da rinin, mafi muhimmanci a cikinsu, ta tsage daga wuya har gindi, maganin ya tsiyaye ya daskare a jikin kwali.

Hajiya tana tsaye tana jiran in yaba. Ga warin namanta da ta yi asara saboda ni yana shigowa ta taga. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na buɗe baki na ce, "Na gode, Hajiya. Allah ya raya jika." Garin neman gira an rasa ido, kuma ba wanda zan kama.

Duk da haka na je wurin Mista Awuni. Muka bar kayan suka narke, na tattara ɗan abin da ya rage a fasasshiyar kwalbar, na ɗiga ruwan jinin Mma Asana, na bi kowane mataki kamar mai alwala. Muka jira. A farantin akwai ramukan da kamfani ya riga ya sa wa furotin ɗin, waɗanda dole su rine in kayan na da rai. Ko su ba su rine ba. Farantin ya fito fari fat. Mista Awuni ya sa shi a na'ura don kada in ce bai gwada ba, ya girgiza kai. Ya ce samo wani sai an yi oda daga waje, a yi wata da watanni, kuma ba a sayar wa mutum ɗaya irina.

Na kira Fuseini na ce ya kai wa Alhaji Seidu wayar. Na yi masa bayani dalla-dalla: kayan ne suka daskare suka mutu, ba a yi gwaji ba sam, wannan bai ce tana da ciwo ba, bai ce ba ta da shi ba. Na roƙe shi ya ƙara lokaci a kai ta babban asibiti a Tamale likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Na ji. Kayan nan daga ƙasar Turawa suka taso, ko? Suka hau jirgi, suka hau mota, suka zo har Salaga lafiya. Ba su fashe ba sai da aka haɗa su akwati ɗaya da jininta." Na ji muryoyi a bayansa ana salati. "Yarinya, ka yi ƙoƙari. Abin ya fi ƙarfin na'urarka."

Na yi ihu a wayar har Mista Awuni ya fito. Ba wanda ke saurare. Da na bar bakina a rufe a zauren nan, da ƙazafi ne kawai, wataƙila da wani ya tausaya. Yanzu na ba su abin da suke kira hujja, na ɗauko ta a cinyata daga Salaga har Bawku.

Wata ya tsaya ina hanyar dawowa. Ban koma Salaga ba, ba ni da fuskar da zan kalli Fuseini. A Yendi na sauka, na hau babur zuwa ƙauyen. Bukkoki ne na laka a jere, rufin ciyawa, tsofaffi zaune a inuwa suna ɓarar gyaɗar wasu. Na same ta a ƙofar wata bukka da ƙullin kayanta ba ta ko kwance ba, tana kallon hanya. Ta rame a 'yan kwanakin nan. Na durƙusa na gaishe ta.

"Baƙuwa, kin ci abinci?" Ta waiga tana neman tukunyarta, babu. Ta ce in yi haƙuri, Fuseini ya tafi kawo babur, yanzu za su koma gida ta ɗora.

Na ce ba komai, Mma, na ƙoshi. Sai idonta ya sauka a kan shuɗiyar kular da ke gefena, wadda ban san dalilin da ya sa nake ta jan ta ba, ba komai a ciki sai ɗumin ruwa. Ta daɗe tana kallonta. Matar da ba ta riƙe sunana ba, ba ta san garin da take ba, sai ga shi ta kama hannun rigarta tana nannaɗewa a hankali har sama da gwiwar hannu. Ta miƙo mini.

"Wancan bai isa ba, ko? Ƙara ɗiba, 'yata. Ki kai musu su gani."

Ba ni da allura, ba ni da kwalba, ba ni da inda zan kai. Na kama hannun na riƙe, na sa yatsa a kan jijiyar kamar ina nema. Ta kawar da kai gefe ta runtse ido, tana jiran zafin.